Neman Garmaho a Yamai, Ni da Baba

Ana idar da sallar asuba ranar Talata kar ɗinmu, wato bas, ta ɗaga daga Maraɗi, ni da Baba a kujerun da ke bayan sofer, wato direba. Waɗanda suka ga hoton da na saka daga bakin kogi sun yi ta tambaya ko asibiti muka je Yamai. Ba asibiti ba ne. Garmaho muka je saye. Na san wasu za su yi dariya, to bari in faɗi dalili kafin in shiga labarin hanya.

Innarmu ta rasu shekara biyu ke nan. Tana budurwa, tana cikin 'yan amshi na ƙungiyar waƙar matasan unguwarsu. Sau ɗaya aka kai su Yamai aka ɗauki muryarsu, aka aika waje aka buga a faifai, irin ƙananan nan masu waƙa ɗaya a kowane gefe. Kaɗan ne suka iso ƙasar, ɗaya yana hannun Baba, wanda a lokacin yake ɗinki a Yamai. Garmahonsa ya mutu tun ina ajin farko a lakwal, wato makarantar boko, faifan ya shige ƙasan adaka. Ni ban taɓa jin Inna ta buɗe baki da waƙa ba. Tunda ta yi aure ta bari, ko jariri take lallashi da baki rufe take yi.

Bara kunnen Baba na hagu ya toshe gaba ɗaya. Watan jiya likita ya ce na dama ma ya kama hanya, sai dai a rage masa sauri. Muna fitowa daga wurinsa Baba ya ce, "Uwata," don haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa gare ni, "ina son in ji faifan nan tun da sauran kunne." Ƙanena da ke aiki a Yamai ya ce a aiko masa, zai nemi mai juye shi a waya. Baba ya ce faifan ba ya tafiya shi kaɗai, kuma shi ba waya yake so ba, so yake ya ga abin yana juyawa a ɗakinsa. Shi ya sa muka hau kar mu biyu, faifan a tsakanin kwalaye biyu, an naɗe da rawani, yana kan cinyarsa.

Damina ta kusa fita, hanya duk kore. Daga Tibiri har Gidan Rumji gero ya fi mutum tsayi, wasu gonakin har an soma yanka. Gudron, wato kwalta, yana da kyau a wurare, a wasu wuraren kuma ruwa ya ci gefensa, sai sofer ya bi ta tsakiya yana danna oda. An kunna mana talabijin a cikin kar da ƙarar da ta sa wata mata ta toshe wa jaririnta kunne da ɗankwali. Baba ya dube ni ya ce yau ne ya fara ganin amfanin kurumta.

A Madawa masu tabarmi suka yi mana caa a taga. A Galmi albasa ce, kamar kullum, sai dai ba lokacinta ba ne, ta yi tsadar da wani fasinja ya ɗaga ƙulli ɗaya ya tambaya ko an haɗa da gonar. Konni muka tsaya muka karya. Na saya mana shayi da burodi da kilishi mai yaji kaɗan, Baba ya ci da hannu ɗaya, ɗayan yana kan kwali. Ko da zai kewaya, ni ya ɗora wa faifan a cinya, ya ce kada in jingina shi da taga, rana tana lanƙwasa shi. Sai da ya tafi na lura ashe wannan ne karo na farko a rayuwata da na riƙe shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Mun wuce jajayen duwatsun Dogon Dutse rana tana tsaka. Daga Doso harshen masu talla ya juye Zabarmanci, farashin ma sai ka nuna da yatsa. Jandarma sun tsayar da mu sau uku ko huɗu, kowa ya sauka da katin shaidarsa. A wuri ɗaya wani ya tambayi me ke cikin rawanin. Baba ya ce, "Muryar matata." Jandarman ya tsaya yana kallonsa, sannan ya miƙa masa katinsa da hannu biyu, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Kusa da Kure aka yi ta ihun ga raƙumin dawa, kowa ya koma gefe ɗaya na mota. Ni dai wuya biyu na hango sama da itatuwa, kafin in ta da Baba mun wuce.

Da la'asar sakaliya muka shiga Yamai. Ƙanena ya ɗauke mu zuwa gidansa a Talaje, matarsa ta tarbe mu da dambu da kopto, wato zogale da ƙuli da albasa yadda Zabarmawa ke haɗa shi. Zafin Yamai na ƙarshen damina daban ne, mai danshi, kana zaune kana jiƙewa. Baba ya yi sallar isha'i ya kwanta da wuri.

Washegari muka soma da babbar kasuwa. Baba ya ce sai ya nuna mana inda kekensa na ɗinki yake a da. Muka yi ta zagaye, daga ƙarshe ya tsaya gaban wani bene mai shagunan waya, ya duba hagu, ya duba dama, ya ce, "Nan ne, ko kuma can." Muka bar maganar. A layin masu kayan kuran, wato lantarki, muka sami garmaho sababbi fil, masu siffar ƙaramar akwati, ja da shuɗi, da lasifika a jiki, har suna haɗuwa da waya. Kuɗinsu ba yawa, ni har na soma murna. Baba ya sa ɗan yatsa a ƙarƙashin kan allurar ya ɗaga, ya saki, ya sake ɗagawa. Ya ce wa mai butik, "Ɗana, wannan ba allura ba ce, garma ce. Sau biyar ta bi faifai ta nome shi." Mai butik ya yi dariya, bai musa ba.

Daga nan aka tura mu unguwar Yantala, wurin wani mai ba da hayar kayan sauti na biki. Nasa manya ne, baƙaƙe, da fitilu. Da ya ji labarinmu sai ya ce nasa na rawa ne, an yi su don a murza faifai gaba da baya, ba don faifan da ba shi da na biyu ba. Ya ce mu ƙetare kogi zuwa Lamorde mu tambayi Mai Allura, kowa ya san gidan. Kafin mu tafi muka ci soyayyen kifi a wata rumfa kusa da masu sayar da dashen itatuwa. Kifin ya yi daɗi, amma abin da aka caje mu a kan guda uku, a Maraɗi kaza biyu ce.

A kan gada na roƙi ƙanena ya rage gudu. Kogin ya cika, ruwan ja kamar an dama jar ƙasa, jiragen kwale-kwale ɗauke da kabewa, masu wanki sun shanya kaya a gaɓa har ido ba ya ganin ƙarshensu. Ɗaliban jami'a suna ta wucewa a ƙafa da babura. Can na ɗauki hoton da kuka gani.

Mai Allura tsoho ne Bazabarme, siriri, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya yi shekaru yana aikin ɗaukar sauti kafin ya aje aiki. Shagonsa zauren gidansa ne, kowane inji an lulluɓe shi da zane kamar jariri. Yawancinsu daga hannun Turawa masu barin ƙasa ya saye su, ko daga magadan tsofaffin ma'aikata. Shi ba ya cewa garmaho, filatin yake cewa. Hausarsa tana da daɗi, sai dai ni yakan ce mini "kai", Baba kuma wani lokacin ya sha "ke".

Da ya nemi ganin faifan, Baba ya ɗan ja baya. Mai Allura ya miƙe. Ya fita ya wanke hannu da sabulu, ya goge, ya dawo ya buɗe wa Baba tafukansa. Sannan Baba ya kwance rawanin. Mai Allura ya riƙe faifan ta gefe-gefe, ya kai shi bakin ƙofa ya karkata shi a haske, ya daɗe yana dubawa. Ya ce bai lanƙwashe ba, ƙarzuwa ɗaya ce a bayansa, amma ƙura da fumfuna sun cika layukan. Ya ce, "Alhaji, in na ɗora allura a kansa yanzu, na kashe shi. Sai an yi masa wanka." Ya wanke shi da tataccen ruwa da ɗigon sabulu da wani buroshi mai laushi, yana bin layi a hankali, ya kare takardar tsakiya da murfin kofi. Ya jingina shi a inuwa ya bushe.

Muna jira, ya yaye wa injuna uku zane, ya gwada mana su da wasu fayafayan nasa. Na farko mai sauƙin kuɗi ne, jikinsa roba. Ya ɗora allura a kan faifai ba tare da ya kunna juyi ba, ya ƙwanƙwasa jikin injin da yatsa, sai lasifika ta ce bum, bum. Ya ce duk wanda ya taka ƙasa da ƙarfi a ɗaki, wannan zai ji ya faɗa. Na biyu mai sarrafa kansa ne: ka danna maɓalli, hannun ya tashi ya sauka a kan faifai, in waƙa ta ƙare ya ɗaga ya koma mazauninsa. Na ukun ba shi da ado ko kaɗan. Katako ne mai kauri, da faranti na ƙarfe wanda da ya ba ni in ɗaga sai da na sa hannu biyu. Motarsa, wato ɗan injin da ke juya shi, tana gefe, siririn bel na roba ke jan farantin, don kada rawar motar ta kai ga allura. Ya ƙwanƙwasa shi, shiru. Ya nuna mana wani dunƙulen ƙarfe a bayan hannun, da shi ake daidaita nauyin allurar, ya ce abin da ke sauka a kan faifai bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba. Amma komai da hannu ake yi masa, kai za ka kai allura, kai za ka ɗauke. Kuɗinsa kuma, da amfili mai ƙara sauti da lasifika, ya kusa na sabon babur.

Baba ya ce na biyun ya ishe shi. Ya ɗaga hannunsa ya nuna mana yadda yake rawa, ya ce da wannan hannun ba zai kusanci allura ba. Ni ma raina ya kwanta da na biyun, don shi ne daidai abin da na tanada. Faifan ya bushe, tsohon ya ɗauko shi ke nan, kuran ya ɗauke. Muka jira har la'asar bai dawo ba. Tsofaffin biyu suka sha shayi suna lissafa gidajen silima da telolin Yamai da babu su yanzu, Mai Allura yana magana daidai kunnen Baba na dama ba tare da an gaya masa ba. Da za mu tafi na miƙa hannu zan naɗe faifan, Baba ya ce a bar shi nan ya kwana, kada ƙurar hanya ta sake hawansa. Ni da ƙanena muka dubi juna.

Ranar Alhamis da hantsi muka koma. Mai Allura ya ɗora faifan a inji na biyu, ya sa wa Baba kas, abin sauraron nan da ke rufe kunnuwa, mu kuma ya bar mana lasifika. Aka ɗan yi ƙas-ƙas, sai kalangu, sai gurmi, sai wani namiji ya ɗauko waƙar, waƙar noma ce da roƙon ruwa. Sannan 'yan mata suka amsa, su shida, murya ɗaya. Na kasa kunne. Na yi ta lalube a cikin muryoyin ko zan ji wadda na sani, ban ji ba. Baba ya rufe ido, ya danna kas ɗin a kunnen dama da tafin hannu. Kiɗa yana kai ƙarshe hannun injin ya ɗaga da kansa ya koma.

Baba ya cire kas ɗin ya riƙe a cinya. Ya ce, "Waƙar ce. Amma ban gane ta ba, Uwata. A da ina gane ta." Bai yi kuka ba, ya dai kafa wa ƙasa ido. Na matsa kusa da shi.

Mai Allura yana can ya sauke tabarau na biyu yana duban faifan. Ya tambayi Baba ko tsohon garmahonsa shi ma mai ɗagawa da kansa ne. Baba ya ce eh. Tsohon ya ce waƙar ta yi tsawo, masu bugawa sun cika faifan har dab da takarda, irin wannan injin kuma yana ɗauke allura tun da sauran layi. "Ke ba ki taɓa jin ƙarshensa ba, Alhaji," in ji shi. Ya mayar da faifan kan na katakon.

Ban iya bayanin bambancin da kyau ba. Kamar an buɗe taga ne a ɗakin da ake waƙar. Ana jin yatsa a kan fatar kalangu, ana jin 'yan matan suna jan numfashi kafin su amsa. A amshi na uku Baba ya ɗaga yatsa, ya ce akwai wadda ke jan ƙarshen baiti fiye da sauran, yana jin ita ce, amma ba zai rantse ba. Kiɗa ya tsaya. Allura ta ci gaba da tafiya. Sai muka ji wani abu ya faɗi, kwaram, sannan wata yarinya ta fashe da dariya, gajeriya, mai shiga ta hanci a ƙarshe, kamar an toshe baki da hannu.

Ƙanena ne ya fara cewa, "Inna!" Wannan dariyar mun tashi da ita. Ita take yi in Baba ya sa hula a baibai, ita ta yi ranar da na fara tuƙa tuwo ya zama kunu. Ba ta canza ba ko kaɗan daga shekara sha shida har ranar da muka rabu. Ƙanena ya fita waje. Ni na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Baba kuwa dariya yake yi, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "A sake. Don Allah a sake." Mai Allura ya sake sau ɗaya, ya juye wa ƙanena a waya, sannan ya ce ya isa na yau, faifai ma yana gajiya.

Da aka zo maganar saye Baba ya ƙi. Ya ce kunnen da ya rage masa bai kai wannan kuɗin ba, a cire wa na biyun ƙarfen da ke ɗagawa kawai. Tsohon ya ce zai iya, amma daga nan shi ma ya koma na hannu, kuma ba zai taɓa kai wannan ba. Na ce wa Baba firigon gidana, wato firij, da nake niyyar canzawa zai iya ƙara shekara, ƙanena ya ce shi zai ɗauki amfili da lasifika. Baba ya ce, to hannun fa? Na ce ga nawa. Awa guda Mai Allura ya yi yana koya mini: in share faifai, in kai hannun daidai bakin layi, in sauke shi da ɗan sandan da ke gefe, kada in taɓa allura da yatsa. Sau goma na yi a kan wani tsohon faifai kafin ya ce, "Kai ka iya." Ya ba mu bel na biyu saboda zafin Maraɗi, ya ce mu nemi abin daidaita kuran, faifai kuma a tsaye ake ajiye shi, ba a kwance ba. Ya cire farantin ya naɗe daban, ya ɗaure hannun da zare. Da suka yi sallama da Baba sun daɗe ba su saki hannun juna ba.

Ranar Juma'a muka juyo. Tikiti uku muka yanka, don Baba ya ce garmahon ba zai shiga ƙarƙashin mota tare da buhunan shinkafa ba. Ya zauna a kujerar taga an ɗaure shi da bel ɗin kujera, mai duba tikiti ya tambaya ko shi ma yana da kati.

Mun wuce Doso Baba ya taɓa ni, ya ce, "Kin san abin da ya faɗi?" Na ce a'a. Ya ce shi ne. Shi aka ba ɗinkin kayan 'yan amshin, ya makara da ɗankwalaye, ya shiga ɗakin ɗaukar murya ana shirin farawa, aka rufe ƙofa da shi a ciki, aka ce kada ya motsa. Ya tsaya a lungu kamar itace har waƙar ta ƙare. Kiɗa na tsayawa ya saki jiki ya zauna a bakin wani benci, bencin ya tashi da shi. "Su shida ne," in ji shi, "biyar suka daure. Da na ɗago, wadda ba ta daure ba na fara nema." Kafin ranar ko gaisawa ba su taɓa yi ba. Bai san abin ya shiga faifai ba sai da ya ji shi ranar Alhamis.

Mun iso Maraɗi bayan la'asar, lafiya lau, garmaho ko ƙwarzane babu. Yanzu yana ɗakin Baba a kan tebur mai ƙarfi da kafinta ya yi masa, nesa da taga.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. In za ku sayi irin wannan inji, ku tafi da faifanku da kunnenku, ku ƙwanƙwasa jikinsa, ku tambayi nauyin allura, kada fitilu su ruɗe ku. Ku kuma tambayi tsofaffinku labari tun suna jin tambayar. Ni shekarata arba'in da biyar, sai a cikin kar na san yadda iyayena suka haɗu.

Gidana da na Baba tafiyar minti goma ce, amma a da sai in yi sati biyu ban leƙa ba, ina cewa aiki. Yanzu kowace Juma'a da Talata, in na taso daga aiki a lakwal, can nake wucewa, tunda ba mai sauke allurar sai ni. Jiya na same shi ya riga ya share teburin, ya sa kas a wuya, yana zaune yana jirana. Na wanke hannu, na ɗora faifan. Ya ce in matso kusa da shi, ta gefen dama.